Warƙa ta Arba'in da Ɗaya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa babu ɗinki, ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya ba kowane hannu yatsu biyar, sannan ya ƙaddara nawa na dama zai shiga kabari da huɗu. Ni ce Ladingo 'yar Jatau baduku, mutumiyar Tudun Marke, mai yi wa littattafai bango da gafaka. Ku da kuke satar kallon hannuna kuna kau da kai, ku daina wahalar da wuyanku. Ku zauna in gaya muku inda na bar yatsan, da abin da na karɓo a madadinsa.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da ƙanwata Hansai. Ranar da aka haifi Hansai jini ya ɓalle wa mahaifiyar tamu, kafin la'asar an lulluɓe ta da zane. Haka kakarmu ta tafi. Matan gidanmu ba sa shan wahalar naƙuda, sai ɗa ya faɗo ana murna sannan jini ya ce ga shi nan. Inna Tabawa, yayar mahaifiyarmu, ita ta raine mu, ita ce kuma ungozomar garin. A hannunta ƙanwarta ta cika, kuma ba ta taɓa yafe wa hannun ba.

Inna tana da littafin karɓar haihuwa. Warƙa arba'in ne, kowacce kamar tafin hannu, an haɗa su tsakanin bango biyu na fata an ɗaure da igiya. Haka muke yin littafi a ƙasarmu, ba ma ɗinkewa. Idan mata uku suna kan gwiwa a unguwa uku, warƙar da ake bukata ce za ta tafi kowane gida, ba littafin duka ba. Don kada su rikice kuma, a ƙasan kowace warƙa akan rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Muna kiranta 'yar rakiya. Ko iska ta watsa littafi, mai bin 'yar rakiya zai mayar da shi yadda yake kafin tuwo ya huce.

Aibin littafin Inna ɗaya ne, bai ƙare ba. Tana budurwa ta kwafe shi daga wurin wata ungozoma matafiya, sai ayari ya tashi da matar zuwa Birnin Kai-Ɗaya tun ba a gama ba. Warƙa ta arba'in ta tsaya da cewa, "Idan jini ya ƙi tsayawa bayan mabiyiya ta fita, a yi maza a haƙo," a ƙasa kuma 'yar rakiya ta ce "saiwar". Saiwar me? Shekara talatin da ɗoriya Inna tana gwada saiwoyi, ba ta dace ba.

Ranar da Hansai ta raɗa mini cewa cikinta wata uku, ban yi guɗa ba. Tsoro ne ya kama ni, sannan haushi ya biyo baya. Na shiga ɗaki na haɗa wuƙar dukanci da basilla da garin kunu.

Hansai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ina za ki?"

Na ce, "Zan je in karɓo ragowar maganar."

Inna ta ce, "Wadda ta tafi da ita ba ta dawo ba, Ladingo."

Na ce, "Inna, ita ba ta bar ƙanwa da ciki ba."

Ta ciro littafin daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. "Tafi da shi, ni na haddace. Ba za ki gane ɗan'uwansa ba sai yana hannunki. Wata shida gare ki."

Kwana ashirin ina tafiya gabas har ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara. Wannan shi ne Tafkin Kififfiya, wanda ba a hango ɗaya gaɓarsa. Mutanensa ba su da tudu ko na ajiye tulu. A bayan manyan kififfiyu suke gina ƙauyukansu, kowace ɗaya faɗinta ya kai gonar mutum goma, da bukkoki da turaku har da bishiyar gwanda. Wani tsohon masunci mai suna Makau ya yarda in zauna a nasu ƙauyen har kififfiyarsu ta kai ɗaya gaɓar.

A wuyan kowane mutum na ga ɗan bututun gora a rataye. Na ɗauka laya ce, sai na ga Makau ya zare toshiyar nasa ya jawo wata doguwar fatar kifi, ya warware ta da babban yatsa yana karanta kwanakin da kifin rairai ke hawowa. Bakina ba ya riƙe magana. Na ce, "Baba, wannan littafi ne ko kilishi? Ba bango, ba warƙa, ga ƙarni."

Bai ji haushi ba. Ya dubi gafakata ya ce, "'Yata, naki ya iya ruwa?"

Ban gane tambayar ba sai a kwana na tara. Da hantsi ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu, kaji suka tashi sama, wata mata ta yi kira, "Za ta nutse!" Ashe sau ɗaya a wata kififfiya takan sauka ƙasan tafki ta yi kiwo, ƙauye duka ya zauna a kan ruwa yana iyo har ta dawo. Kowa ya kama gorarsa ba gaggawa, kamar masu shirin zuwa kasuwa. Ni kuwa na ɗaga gafaka sama ina ihu, ruwa ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu. Makau ya fizge littafin, ya jefa shi cikin wata ƙatuwar gora, ya liƙe bakin da kakin zuma, ya ce in rungume ta. Haka na yi rabin yini ina lilo a kan ruwa, ina shan tafkin ta hanci, shi kuma yana gefena a kwance rigingine yana karanta kilishinsa.

Ranar rabuwa ya ba ni bututu ɗaya da fatar kifi wadda ba a rubuta komai a kanta ba, da 'yar tawadar da ruwa ba ya wankewa. Na karɓa da hannu biyu, ban ƙara maganar ƙarni ba.

Bayan tafki sai Sararin Gishiri, tafiyar kwana talatin, fari fat daga ƙafarka har inda sama ta sauka. Ba ciyawa, ba inuwa, tsuntsun da ya ratsa ta sama ma da ido a rufe yake wucewa. Na shiga ayarin masu fataucin gishiri, ina gyara musu sirdi da salka suna ba ni abinci. Littafinsu ya fi na Makau ban mamaki. Siriri ne dogo kamar kuben wuƙa, an ɗaure shi a gaban sirdi don a buɗe da hannu ɗaya ɗayan yana riƙe da akala. Takardarsa baƙa ƙirin ce, rubutun kuma fari. A ciki aka jera rijiyoyin sararin, da yawan takun raƙumi daga wannan zuwa waccan.

Wannan karon na kame bakina, amma ban kame hannuna ba. Wata rana da tsakar rana kewar gida ta taso mini, na buɗe littafin Inna don in ga rubutunta. Hasken rana ya daki farar takarda ya shige mini ido kamar barkono. Kwana biyu ban ga tafin hannuna ba, a ɗaure aka ɗora ni kan raƙumi kamar buhu. Matan ayarin suna ɗiga mini nono a ido suna dariya, suna cewa baƙuwa ta je karatu ta dawo da makanta. Da idona ya buɗe, madugun ya ba ni tsohon littafin rijiyoyinsa, ya ce mai taurin kai irina wata rana za ta ratsa sararin nan ita kaɗai.

Su ne suka gaya mini dokar Birnin Kai-Ɗaya. A can gidaje tsawonsu ɗaya, huluna ɗinkinsu ɗaya, lokacin cin abinci ɗaya, da azahar kuma a buga ganga kowa ya kwanta barci, har masu gadi. Littafi ma siffarsa ɗaya ce: kamu uku a tsaye, kamu biyu a kwance, a ɗinke, da bangon katako da ƙarfe. Duk littafin da ya zo ƙofar gari za a karɓe shi, a kwafe shi a wannan siffa, a ajiye a Gidan Awo, a ƙone na asalin. Littafin da ya shiga kuma ba ya fita.

Na ce, "A ƙone littafin Inna? Sai dai a haɗa da ni."

Da muka kusa ganuwa na kwance igiyar, na raba warƙoƙin ga matan ayari, kowacce ɗaya, ta ninke ta cusa a cikin gammonta ta ɗora kantun gishiri a kai. Ta arba'in na soke ta a cikin kitsona. A layin shiga akwai wani malami a gabana da littafinsa irin namu. Mai gadi ya kwance igiyar, ya kama bangon ta baya ya ɗaga, yadda ya saba ɗaukar ɗinkakke. Warƙoƙi suka zubo kamar ganye, iska ta bi da su. Ya bi yana tsinta yana tarawa, duk wadda ta zo hannu a kan 'yar'uwarta, ya miƙa ciki a kwafe. Malamin yana kuka yana cewa a bar shi ya jera su, aka ture shi gefe. Na riƙe wannan a raina.

Da aka zo kaina mai gadin ya buɗe bangona ya ga wayam. Ya ce, "Ke, ina littafin?"

Na ce, "Malam, badukiya ce ni. Riga nake ɗinkawa, ba ni nake haihuwar mai sa ta ba."

Ya yi tsaki ya ce in wuce. A kasuwar gishiri matan suka sauke kaya, na bi su ina karɓa, na zauna a bayan rumfa ina bin 'yar rakiya. Kafin su gama shan ruwa littafin ya koma yadda yake.

Wata tsohuwa tana tsaye tana kallona tun da na fara. Ta matso ta ce, "'Yar nan, yaya aka yi kika san wadda ke bin wadda?" Na nuna mata. Ta karanta layi biyu ta ɗago kai. Ita ce Goggo Shekara, babbar ungozomar birnin, kuma ta san maganganun nan, domin littafin da take aiki da shi ke nan. Ta ce wata baƙuwa ce ta zo da shi tun ita Goggo tana da ƙuruciya, aka karɓe a ƙofa, baƙin ciki ya kashe matar a shekarar.

Ita ta kai ni Gidan Awo. Zaure ne wanda sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga rufinsa, littattafai a jere kan duwatsu, kowanne da sarƙa. Na waƙoƙin yara da na shari'a da na girki duk girmansu ɗaya, ba ka bambanta su sai ka buɗe. Buɗewar ma sai ƙarti biyu sun kama bango. Doka ta ce kowace tsohuwar warƙa ta cika shafi guda, don haka harafi ɗaya ya kai tafin hannuna, sai ka ja da baya taku uku kafin ka iya karantawa. Doka ta kuma ce gefen shafi ya zama fes, saboda haka masu kwafi sun zubar da 'yar rakiya duka, sun ɗauka ƙazantar alƙalami ce.

Na ce, "Goggo, idan mace tana kan gwiwa, yaya kuke kai mata wannan?"

Ta ce, "Ba ma kaiwa. Nan nake zuwa in karanta, in ruga da abin a kaina. Wani lokacin kafin in isa an gama kuka."

Na sa ƙartin suka yi ta juya shafi har muka zo kan maganar jini. Ga ta nan kamar yadda take a wurin Inna, har zuwa "a yi maza a haƙo". Na ce su juya. Shafi na gaba ya fara da "ganyen buɗe-ƙofa, a jiƙa a ba ta ta sha". Na san wannan warƙar, ita ce ta goma sha biyu a namu. Maganin naƙudar da ta ƙi ci gaba ne, aikinsa ya saki jiki. A ba mai zubar jini shi, an buɗe wa gulbi hanya ke nan.

Na juya na dubi Goggo Shekara. Ta ce a hankali, "Na sani. Ganye ake haƙowa? Tun ina da ƙuruciya na ce akwai gyara, aka yi mini bulala goma a bakin zauren nan. Littafi ya faɗa, dole a bayar. Na daina ƙirga matan da muka binne, 'yar nan. Yanzu ruwan zafi nake ba su in ce shi ne, su tafi ba da hannuna ba."

Na ce wa ƙartin su koma farko, mu bi shafi ɗaya ɗaya. Suna gumi suna zagina ƙasa ƙasa, ko a jikina. Ina neman shafin da ya fara da "saiwar". Uku na samu. Ɗaya na ciwon mara ne, ɗaya na ƙarancin nono. Na ukun yana can tsakiyar babin haƙoran jarirai, inda ba mai neman sa, kuma ya fara da sunan saiwa, da yadda za a kirɓa ta, da yawan da za a ba mai jego, da yadda za a danna mara har jini ya tsaya. Da na karanta sunan sai da na dafa dutse. Na tsuguna a bayan littafin na ciro fatar kifin Makau, na kwafe shafin kaf, na mayar cikin bututu na rataya a wuya kamar laya.

A nan ya kamata in tafi. Abin da na zo nema yana wuyana, wata uku ya wuce, ƙanwata tana jira. Na sha faɗa wa kaina wannan daga baya. Amma na dubi tsohuwar nan tana shafa shafin da ta yi shekaru tana wucewa ta kansa, hawaye yana bin kuncinta, sai zuciya ta ɗebe ni. Na damƙa mata littafin Inna na ce ta raba wa ungozomomi da matan unguwa, gida ɗaya warƙa ɗaya, ta koya musu bin 'yar rakiya. Washegari da safe na nemi ganin Sarkin Awo.

Sunansa Barmo, dogo ne mai tsabta, yana yawo da sandar awo ta azurfa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na yi masa bayani tiryan-tiryan a gaban masu kwafinsa da matan da Goggo Shekara ta tara. Ya saurara har na gama, sannan ya aza sandarsa a kan littafin, tsaye da kwance.

Ya ce, "Kamu uku, kamu biyu. Ɗinki bakwai. Gefe fes. Ina aibin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aibin yana maƙabarta."

Barmo ya ce, "Baƙuwa, kafin dokar nan kowa da irin nasa tarkacen, wani a fata, wani a ganye, yau a gani gobe a rasa. Mu muka tsare ilimi. Abin da aka ɗinke ya zauna ke nan. Idan na kwance wannan yau saboda ke, gobe wani zai zo da tasa maganar."

Na ce, "To ya zo mana! Kun tsare shi kamar yadda ake tsare fursuna. An yi littafin nan don mace mai jini a hannu ta ɗaga da yatsa biyu ta duba, kun mayar da shi ƙofar gari."

Ya ce, "Ina littafin da kika shigo da shi? Kawo a ƙone."

Na ce, "Yana gida arba'in, ranka ya daɗe. Sai ka bi ka yi sallama."

Kafin ya rufe baki na zaro wuƙar dukanci. Tun ina ƙarama nake yanka fata, na san inda zare yake kwana. Na zura ta a gadon bayan littafin na ja sau ɗaya, ɗinki bakwai suka tsinke. Goggo Shekara ta yi kira, mata suka yi caa a kai. Biyu biyu suke ɗaukar shafi kamar tabarma, suna fita da shi tsakar rana, tsohuwar tana gaba da shafin saiwar a kanta tana karanta shi da ƙarfi, ana maimaitawa daga bakin zaure har kasuwa. Dogarai suka rasa wa za su kama, sai suka kama ni.

Hukuncin mai tsinka ɗinki yatsa ne, kowane zare ɗaya, kowace safiya ɗaya. A ranar suka fara da manunin dama. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ihu har muryata ta dushe, kuma da aka jefa ni ɗakin tsaro na yi kuka, ba don yatsan ba, don Hansai. Na ce na sayar da ran ƙanwata saboda bakina. Bututun yana wuyana, ba wanda ya taɓa shi, don a idonsu abin da bai kai kamu uku ba ba littafi ba ne.

Da azahar aka buga gangar barci. Birni duka ya kwanta, mai gadina ya jingina da bango ya hau minshari, domin doka ce. Sai na ji ana taɓa sakata. Goggo Shekara ce, ta karya dokar barci karo na farko a rayuwarta. Ta ɗaure mini hannu da tsumma, ta ja ni ta lunguna har bakin magudanar da ke fitar da ruwan gari ta ƙarƙashin ganuwa.

Na ce, "Goggo, ke fa?"

Ta ce, "Wa zai karɓi haihuwar matansu idan sun taɓa ni? Jiya da yamma na gwada saiwar a kan matar wani dogari, tana nan tana shan kunu. Shiga, 'yar nan, ki gaishe mini da Innarki."

Na ja numfashi na nutse. Ruwan ya yi ta juya ni a cikin duhu yana buga ni da dutse, har ya tofar da ni a wani fadama bayan gari. Tufafina sun yage, garin kununa ya zama laka. Na buɗe bututu da haƙori, rubutun yana nan ko ɗigo bai goge ba. Na yi wa Makau addu'a da ƙarfi har kwaɗi suka yi shiru.

Ayari ba zai koma ba sai bayan wata biyu, ni kuwa ba ni da su. Littafin rijiyoyi yana wurin matan gishiri a zangonsu na bayan ganuwa tare da sauran kayana. Suka ba ni wata tsohuwar raƙuma, na ɗaure baƙin littafin a gaban sirdi na shiga sararin ni kaɗai. Hannun dama a kumbure, akala a naɗe a damtse, hagu tana buɗe shafi. Rana tana tsakiya ina karanta farin rubutu ba ko ƙifta ido, ina ƙirga taku. Rijiya goma sha ɗaya, ban kuskure ko ɗaya ba. A tafki kuma sai da na yi kwana goma sha biyu a gaɓa ina cizon yatsa, cikin waɗanda suka rage, kafin wata kififfiya ta ga damar matsowa.

Na shiga Tudun Marke da hantsi, na tarar da mata cike da tsakar gidanmu, ba mai guɗa. Kukan jariri yana fitowa daga ɗaki. Na kutsa kai. Hansai tana kwance, leɓenta ya yi fari, zane na uku ya jiƙe. Inna tana durƙushe a kanta, fuskarta irin wadda na gani ina 'yar shekara shida.

Hansai ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Yaya, kin daɗe."

Na warware fatar kifin na ce, "Inna, saiwar ƙi-awaki."

Ta ɗago ta dube ni. Ƙi-awaki ciyawa ce mai ɗaci da ke fitowa a bayan ɗakinmu, ko akuya ba ta kallonta. Duk damina Inna takan tuge ta ta watsar bayan katanga. Tana nan a bayan ɗakin ranar da mahaifiyarmu ta rasu, taku biyar daga inda take kwance.

Inna ta miƙe, ta ture matar da ta miƙo mata fartanya, ta zagaya baya ta durƙusa tana haƙa da farcenta. Ni na kirɓa da hannun hagu, ita ta ɗura, ta danna mara yadda nake karanto mata. Muka jira. Zane na huɗu ya ɓaci kaɗan. Na biyar da aka shimfiɗa, har azahar fari ne. Sai a lokacin Inna ta fita bayan ɗaki ta zauna a bakin ramin da ta haƙa, ta kira sunan ƙanwarta sau ɗaya, ta yi kukan da ta riƙe shekara ashirin.

Yarinyar da aka haifa ran nan ita ce wadda ta kawo muku ruwa ɗazu. Littafin kuwa Inna ta faɗa na rubuta sabo da yatsu huɗu, shi ya sa rubutun ya karkace, wanda bai ji daɗinsa ba ya rubuta nasa. Girmansa tafin hannu, ba ɗinki, kowace warƙa da 'yar rakiyarta. Shekarun baya wani attajiri ya ce in ɗinke masa shi da bangon azurfa ya ajiye a zaure don baƙi, na raka shi har ƙofa da wuƙata a hannu.

Kun ce in nuna muku warƙa ta arba'in da ɗaya. Ga igiyar, ku kwance ku duba, za ku ga ta arba'in sannan ta arba'in da biyu. Tun sallar asuba aka aiko daga Unguwar Masaƙa aka karɓe ta, kuma ban sa ran ta kwana a gida ba. Na gode wa Wanda ya raba yatsu bai haɗe su ba, a nan na ɗaure igiyata.